Shafi na Sha Tara

Ambulan ruwan ƙasa ya sake zuwa, Nerys.
Na tura shi ƙarƙashin kwandon burodi
har sai da numfashinki ya daidaita a ɗaki,
ruwan Blaenau na ta dukan rufin gida
kamar mai bin bashi da ya san muna ciki.

Shafi arba'in. Da baƙin biro, in ji su.

Taku nawa take yi kafin ta tsaya?
Daga gado zuwa ƙofar bayi, tara,
in jiki ya wayi gari da mutunci.
In bai yi ba, taran dai suna nan,
sai dai ni ke yin su, hannuwanki a wuyana.
Na duba sama, na duba ƙasa,
ba su bar gurbin wannan amsa ba.

Lowri, yarinyar ofishin ba da shawara,
ta ce, "Emrys, ranar da ta fi muni za ka rubuta.
Kada ka yi musu kara.
Kara ba ta biyan kuɗin wuta."
Gaskiya ta faɗa. Amma ba ta san
shekara goma sha ɗaya nake amsa wa maƙwabta
"da sauƙi, da sauƙi" ta saman katanga ba.
Ni da na rufa asiri har ya zame mini sana'a,
yau an miƙo mini biro, wai in tona.

To, na tona.
Na rubuta maɓallin riga da ke gagarar yatsun
da suka koya wa rabin yaran garin nan fiyano.
Na rubuta tabon butar shayi a wuyan hannunki.
Na rubuta zanin gado, da ƙarfe ukun dare,
da injin wanki da nake kunnawa a hankali
don kada ki ji kunya a cikin barci.
Ban rubuta yadda kika riga ni hawa dutsen Moelwyn ba,
kina juyowa kina min dariya, iska a gashinki.
Ba su tambaya ba.

Nawa kuɗin kuma, na mai jinya,
awa-awa suke auna shi, kamar mai a tanki.
Bara, da Idwal ya kwanta asibiti,
na karɓar masa tuƙin bas ɗin makaranta safiya huɗu,
na haura layinsu da 'yan fam kaɗan.
Garin neman gira muka rasa ido:
har yau suna yankar abin da suka ce na ci.

Da asuba na same ki a kicin,
keke a manne da tebur, tabarau a kan hanci,
kwandon burodi a gefe.
"Ka yi ƙarya a shafi na sha tara," kika ce.
"Ba sau biyu na faɗi a watan jiya ba.
Biyar ne. Uku kana kanti.
Na ja jiki na tashi kafin ka dawo."

Na tsaya da buta a hannu.
Ashe mu biyu muke gadin ƙofa ɗaya,
kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Kika karɓi biron. Ya zame. Kika sake kamawa.
Kika soke biyu, kika zana biyar,
karkatacciya, mai ƙaton ciki, kamar agwagwa,
har muka yi dariyar da ba mu shirya ba.

Ƙarfe tara na saka shi a jan akwatin bakin titi.
Sun ce amsa sai bayan makonni.
Na dawo a jiƙe, na tarar shayinki ya huce,
na sake ɗora ruwa.